A Bar wa Musa Sunansa

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alli, amma ban taɓa ganin yaro ya ƙi amsa sunansa ba sai bana. Wata Litinin ce cikin watan Nuwamba, lokacin da ayarin Abzinawa ke sauka a bakin garinmu na Fachi don lodin gishiri da dabino. A irin wannan lokaci rabin hankalin yara yana wajen raƙuma, don haka na saba kiran suna sau biyu kafin a amsa. Na kira Musa sau uku. Yana zaune a benci na biyu, ina kallonsa, ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba. Sai wani daga baya ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan Fir'auna." Aji ya kwashe da dariya.

Da aka fita shan iska na tsare shi. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ɗago ya ce, "Mushe, wai da gaske ne sunana na gunki ne?"

Da na bi diddigi, ashe wani saurayi ne ya dawo daga haƙar zinariya a Jado da saƙon murya a wayarsa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle inda ya yi karatu. Cewa yake wai masu bincike sun gano Musa sunan Fir'aunoni ne, ɗaya yake da Ramsis, kuma sunan abin bautar Masarawa yana ɓoye a cikinsa, saboda haka iyaye su yi hattara. An saurari saƙon a majalisar samari da dare, ƙanne suna gefe suna ji, da safe ya riga ni isowa makaranta. Yaron shekararsa goma sha ɗaya. Kwana huɗu ya yi yana dambe a hanyar gida, da ya gaji sai ya daina amsa sunan gaba ɗaya.

A cikin wannan makon kuma wani saƙo ya shigo mini ta zauren WhatsApp na malamai. Wannan rubutu ne, kuma wani abokin aiki ne daga wata jiha ya turo shi. Shi kuma cewa yake Hausawa ne suka gina dalolin Masar, hujjarsa kuwa sunaye: Amun shi ne Aminu, Ahmos shi ne Ahmadu, Tutankamun kuwa Hausa ce tsantsa, wai "tutar kamu". Malamai suka yi ta jera masa jinjina. Wani ya rubuta cewa gobe-goben nan zai koya wa ɗalibansa.

Saƙon farko tsoro yake sayarwa, na biyu kuma alfahari, amma cutarsu ɗaya ce, wato fassara suna da kunne. A ganina na biyun ya fi haɗari, domin na farko a bakin samari yake yawo, na biyu kuwa ya shiga hannun masu alli, kuma abin da malami ya rubuta a allo yaro ba ya tambayar inda aka samo shi. Saboda haka da ku nake magana, ƴan uwana malamai, da ku iyaye.

Mu fara da Ramsis, tunda shi aka jingina wa yaron nan. Sanin ma'anar wannan suna bai zo a banza ba. Rubutun zane na tsofaffin Masarawa ya yi sama da shekara dubu babu mai iya karanta shi a duniya. A 1799 sojojin Faransa suka tsinci wani dutse a garin Rashid da ke bakin kogin Nilu, ɗauke da sanarwa ɗaya a rubutu iri uku, ɗaya daga ciki Girkanci ne da ake iya karantawa. Duk da haka sai da aka yi shekara 23 kafin a buɗe ƙofar. Wanda ya buɗe ta, Bafaranshe Shampoliyon, tun yana saurayi ya duƙufa kan Kibɗanci, harshen da Kiristocin Masar ke ibada da shi, wanda shi ne jikan harshen Fir'aunoni.

Masarawa sukan kewaye sunan sarki da wani zobe mai tsawo kamar ƙwallon dabino. A watan Satumba na 1822 aka kawo wa Shampoliyon kwafin wani irin wannan zobe daga Abu Simbel. A farkonsa akwai zanen rana, a ƙarshensa akwai alamomi biyu da ya riga ya san sautinsu "s" ne daga sunayen sarakunan Girka, a tsakiya kuma wata alama da bai sani ba. Ya san rana a Kibɗanci "re" ce. Ya haɗa: Ra, wani abu, s, s. Ya yi zaton Ramsis ne, sunan da tsofaffin marubuta suka ambata. Bai tsaya a zato ba. Ya ɗauko wani zoben, ya ga tsuntsun jinjimi, alamar abin bautarsu Tot, biye da wannan alama ta tsakiya, ya ga in zatonsa daidai ne to wannan Tutmos ne, shi ma sunan sarki ne sananne. Sannan ya koma kan dutsen Rashid, ya tarar da alamar a daidai inda Girkancin ke maganar ranar haihuwar sarki, kuma a Kibɗanci "mise" haihuwa ce. Da hujjoji suka haɗu daga wurare daban-daban, sannan ya buɗe baki.

Abin da aka gano ke nan: sunan gida biyu ne. Gida na farko sunan abin bauta, gida na biyu kalmar "mes" ko "mos" mai nufin haihuwa, ko ɗa. Ramsis, Ra ne ya haife shi. Tutmos, an haifi Tot. Ahmos, an haifi wata. Sarakuna goma sha ɗaya suka amsa sunan Ramsis, mafi shahara shi ne na biyu, wanda ya yi mulki daga wajen 1279 zuwa 1213 kafin Miladiyya.

To ina Musa ya shigo? Da yawa daga cikin masana tarihin Masar suna ganin sunan Musa daga wannan gida na biyu ya fito, wato "mos". Wasu ba su yarda ba, saboda sautin "s" na Masarawa da "sh" na Ibrananci bai zauna musu daidai ba. Mu ɗauka ra'ayin masu rinjaye ne gaskiya. Me ya fito? Ya fito cewa ma'anar Musa ita ce ɗa, ko abin haihuwa. Gunkin yana cikin Ra, yana cikin Tot, kuma babu ko ɗayansu a cikin Musa. Masarawa ma sukan raɗa "Mos" shi kaɗai ga mutanen da ba sarakuna ba. A Sakkara akwai kabarin wani magatakarda mai wannan suna, na zamanin Ramsis na biyu, wanda ya sa aka zana a bango labarin shari'ar gadon gona da danginsa suka daɗe suna yi. Mutum ne irina da kai, da rigimar gonarsa.

Mai saƙon murya ya ji rabin magana, ya ƙarasa sauran da kansa. Amma ko da bai taɓa jin labarin Shampoliyon ba, abin da ya karanta a makarantar allo ya isa ya tsayar da shi. Abdul Muɗɗalibi yana da ɗa Abdullahi, mahaifin Manzon Allah (SAW), yana kuma da ɗa Abdul Uzza, wanda muka fi sani da Abu Lahabi. Uba ɗaya, rabin suna ɗaya. Akwai wanda ya taɓa cewa a daina raɗa Abdullahi saboda "Abdu" ya taɓa zama kusa da Uzza? Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu da wani sunan ya shigo Musulunci, Annabi (SAW) ya canza masa rabin ƙarshe ya bar masa "Abdu" ɗinsa. Mu ma a Hausa "Ɗan" yana shiga Ɗanjuma, yana shiga ɗan iska, kuma ba wanda ya ce Ɗanjuma ya canza suna.

Sannan wai wane sabon abu aka gano? Cewa sunan Annabi Musa (AS) daga Masar ya fito? Ai malamanmu sun faɗa tun tuni. Imamu Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 923, ya kawo a tafsirinsa cewa sunan kalmomi biyu ne na Kibɗanci, "mu" ruwa, "sha" itace, saboda tsakanin ruwa da itatuwa aka tsince shi. Attaurar da ke hannun Yahudawa ta danganta sunan da tsamo shi daga ruwa, kuma ta ce a gidan Fir'auna aka raɗa masa. Bayanan sun bambanta a kan kalmar, amma duk sun nuna gari ɗaya. Yaron da aka haifa a Masar, aka rene shi a fadar Masar, in ya tashi da sunan Masar ina abin mamaki? Allah Maɗaukaki da wannan suna ya kira shi a kwarin Ɗuwa. Sau 136 aka ambace shi a Alƙur'ani, babu Annabin da aka ambaci sunansa kamar haka. Mansa Musa ya ratsa Alƙahira da sunansa a 1324 a hanyarsa ta hajji. Yau kuma wani da waya a hannu, wanda ko sunansa bai iya faɗa ba, shi ne zai ce a yi hattara?

Ko kalmar Fir'auna da yara ke jifan juna da ita, asalinta "per-aa" ne, wato babban gida. Kamar yadda muke cewa "fada ta ce" muna nufin sarki, haka su ma suka mayar da sunan gidan ya zama laƙabin mai gidan. Zalunci da girman kan wanda ya ja da Annabi Musa ne suka ɓata kalmar. Kuma duk wanda ya san ƙissar ya san in akwai sunan da bai dace a haɗa da "ɗan Fir'auna" ba, to Musa ne.

Yanzu na juyo gare mu, mu malamai, da namu saƙon. Na san daɗinsa, ni ma na ji daɗin a karatun farko. Mun tashi da littattafan da suka nuna mana tarihi kamar daga Turai ya faro, saboda haka duk abin da ya ce mu ma muna da rabo a dalolin Masar yana sanyaya zuciya. Amma mu duba kayan da aka kawo mana. Aminu da Ahmadu sunayen Larabci ne, Musulunci ne ya kawo mana su. Aminu daga amana yake, Ahmadu daga yabo. Amun kuwa a harshen Masarawa "ɓoyayye" yake nufi, Ahmos kuma mun ga wata ne da haihuwa. Ko da ma sun zo ɗaya, ai Larabawa za a bai wa dalar, mu mu tashi a tutar babu. Tutankamun kuwa gida uku ne: "tut" siffa, "ank" rai, sai Amun, wato rayayyar siffar Amun. Babu tuta, babu kamu. Wanda ya rubuta saƙon ya yanka sunan ne a inda Hausarsa ta ga dama, kamar mai yanka rigar wani don ta yi masa daidai.

Kunne mugun alƙali ne a sha'anin suna, kuma hujjar tana cikin rajistar kowannenmu. A ajina akwai Bukar, a ajin da na bari a kudu akwai Garba da Buba da Habu. Duk Abubakar ne. Modu na Barebari da Mamman na Hausawa duk Muhammadu ne. Falmata da Binta da Fati duk suna komawa ga Faɗimatu. Waɗanda suke abu ɗaya ba su yi kama ba, Amun da Aminu da suka yi kama kuma ba su haɗa komai ba. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba wane ba ne. Sunan garin nan ma bai tsira ba. Wani direba ya taɓa rantse mini cewa don ana yi wa ayari fashi ne aka sa masa Fashi, wani baƙo daga Najeriya kuma ya karanta rubutun Faransanci a allon hanya ya tambaye ni me aka yi wa faci. Mutanen garin, waɗanda harshensu Barbarci ne kuma suke kiransa Agram, dariya kawai suka yi.

Abin takaicin shi ne akwai dangantaka ta gaskiya tsakanin Hausa da harshen tsofaffin Masarawa, kuma ta fi ta ƙaryar armashi. Tun aikin Joseph Greenberg na shekarun 1950, masana harsuna sun sa Hausa da ƴan uwanta na yankin tafkin Cadi cikin babban dangi ɗaya da Larabci, da Ibrananci, da harshen Buzaye, da tsohon harshen Masar. Ba da sunayen sarakuna suka kafa hujja ba, da ƙashin bayan harshe suka kafa ta. Muna cewa gidanka, Balarabe ya ce baituka, Bamasare na dā ma da "k" yake nuna abin da yake naka. Muna nuna mace da "ta", su ma da "t" suke nuna ta. Muna cewa mutu, Larabci na da mautu, Masarawa na da "mut". Huɗu, da wasu ke cewa fuɗu, tana da ƴar uwa a ƙirgan Masarawa mai baƙaƙen f da d. Ma'anar wannan ita ce harsunan sun haɗa kaka a wani zamani mai nisa ƙwarai, tun kafin a aza tubalin dala ko ɗaya. Ƴan uwa ne na nesa, ba wanda ya haifi wani. Wannan darasi ne da yaron aji shida zai fahimta cikin rabin awa, kuma in ya je jami'a ba za a yi masa dariya da shi ba.

Wani zai ce, to Gobirawa fa, da suke cewa su Kibɗawa ne? Gaskiya ne akwai wannan labari, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace shi a Infaƙul Maisuri, kuma Gobirawa sun zauna a nan ƙasar Abzin kafin su gangara kudu. A koya wa yara shi da sunansa: labari ne da mutane suka gada game da asalinsu, kamar na Bayajida da Bagadaza, kamar na sarakunan Barno da Yaman. Yana nuna mana yadda kakanninmu suka kalli kansu, kuma wannan ma ilimi ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya zauna jiya da daddare ya ƙera fassarar ƙarya, ya rataya ta a wuyan magabata.

Wani kuma zai ɗauko mini Cheikh Anta Diop. A makarantar horon malamai mun karanta shi da zumuɗi, kuma har gobe ina girmama shi. Ya fito da littafinsa a 1954, lokacin da ake gaya wa baƙar fata cewa ba shi da tarihi, ya je taron Alƙahira na 1974 ya kare ra'ayinsa gaba da gaba da masana. Masana harsuna da yawa ba su karɓi kwatancen da ya yi tsakanin Wolof da harshen Masar ba, amma mutumin ya yi karatu, ya kafa ɗakin gwaje-gwaje a Dakar, ya ajiye hujjojinsa a fili don a auna. Mai "tutar kamu" me ya ajiye? In muna ƙaunar Diop, mu gaji wahalar da ya sha a kan bincike, kada mu tsaya a daɗin sakamakon kawai.

Akwai kuma tambayar da zaman Fachi ya tilasta mini. Yawancin ɗalibaina Barebari ne, da ƴan Tubawa. Harsunansu ba sa cikin wancan dangi ma sam. In darajar mutum sai ya haɗa jini da Fir'auna, me zan gaya musu? Su tashi su bar ajin? Alhali su ne suke da alaƙa da Masar wadda take rubuce. Masanin tarihin Masar Al-Maƙrizi ya ba da labarin cewa a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem sun ba da dukiya aka gina makaranta a Alƙahira, Madrasatu Ibn Rashiƙ, inda mutanensu ke sauka. Hanyar da ta haɗa tafkin Cadi da Fezzan ta Kawar ta bi, nan maƙwabtanmu. Gidan sarautar Saifawa ya yi sama da shekara 700 yana mulki kafin ya ƙare a 1846. Wannan tarihi yana kwance a ƙofar ajinmu, mun tsallake shi mun tafi aron na wasu da takardar jabu.

Haka muka tsallake sunayenmu. Malamin da ya iya "fassara" Tutankamun, tambaye shi me ya sa ake ce wa yaro Tanko, sai ya yi shiru. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Shekarau ya daɗe a ciki, Anaruwa an haife shi ana ruwa, Cindo yatsa shida gare shi. Ajuji kuwa uwarsa ta sha binne ƴaƴa, aka yi kamar an yar da shi a juji don mutuwa ta raina shi ta wuce. Duk tarihin gida yana cikin kalma ɗaya. Masarawa ma haka suke yi: Nafartiti, kyakkyawa ta iso, Imhotep, mai zuwa da salama. In ana neman inda muka yi kama da su, ga shi nan: uwa ta kalli jariri ta faɗi abin da ke ranta. Wannan kamar ta ɗan Adam ce, ba ta bukatar a ƙirƙiro mata hujja.

Kada wani ya ce wasan yara ne na mayar babban abu. Shi kansa Tutankamun yaro ne ɗan wajen shekara tara lokacin da aka naɗa shi, kuma Tutankaten ne sunansa na farko. Da manya suka juya baya ga addinin Aten suka koma ga Amun, sai sunan yaron ya juya tare da su. Ya mutu bai kai ashirin ba. Sarakunan da suka biyo baya suka cire shi daga jerin sarakuna, babu shi a jerin da Seti na farko ya sa aka zana a Abidos, domin a wurin Masarawa goge sunan mutum kashe shi ne karo na biyu. Duniya ba ta san shi sosai ba sai da Howard Carter ya tono kabarinsa a watan Nuwamba na 1922. Tun wancan zamani rigimar manya a kan sunan yara take sauka. Addininmu ya hana jifan juna da miyagun laƙabi a cikin Suratul Hujurati, kuma mu ma mun ce suna linzami ne. Wanda ya sa yaro ya ji kunyar sunansa ya kama linzamin ya karkatar da shi.

Da yamma na je wurin mahaifin Musa a ramukan gishiri. Na same shi yana jera kantu a rana. Da na gaya masa abin da ke faruwa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Mushe, sunan mahaifina ne fa. Shi ya haƙa ramin nan da muke ci." Saboda kunyar sunan, a gida ba mai kiran yaron da shi, Baba suke ce masa. Nan na gane abin da ban lura da shi ba shekara da shekaru: ajina ne kaɗai wurin da ake furta sunan yaron nan da ƙarfi kowace safiya. Ni ne mai riƙe masa shi.

Washegari na ajiye darasin lissafi. Na zana rana a allo, na zana jinjimi gwargwadon iyawata, yara suka yi dariyar tsuntsun, muka rarraba Ramsis da Tutmos gida-gida. Na rubuta Abdullahi da Abdul Uzza, na ce su nuna mini inda gunkin yake. Suka nuna. Na rubuta Musa, na ce su nuna mini. Aji ya yi tsit. Aikin gida na ranar shi ne kowa ya tambayi kakarsa ko mahaifinsa wa aka yi wa takwara da shi, kuma me ya faru ranar da aka haife shi. Ban taɓa ba da aikin gida da kowa ya yi ba sai wannan.

Ga roƙona ga malamai. Kafin ka tura saƙo a zaure, balle ka hau da shi allo, yi masa tambaya uku. Da wane harshe sunan yake? Wanda ya fassara ya iya harshen? A ina aka rubuta, da sunan wa, don a kama shi in ya yi ƙarya? Saƙon da ya kasa amsa waɗannan, bar shi ya mutu a wayarka. In kuma ka riga ka koyar da shi, koma aji ka ce, "Yara, jiya na yi kuskure." Ba abin da zai ragu a jikinka, kuma wannan jimla za ta koya musu abin da babu shi a manhaja. Idan abokin aiki ya turo shirme a zaure, a gaya masa cikin mutunci a zauren, domin shirunmu ne yake sa sabon malami ya ɗauka gaskiya ne. Ni ma kwana biyu na yi ina jin nauyi kafin na amsa wa mai "tutar kamu", kuma a cikin kwana biyun nan Allah kaɗai ya san aji nawa aka koya wa.

Ga iyaye kuma, ku gaya wa ƴaƴanku labarin sunansu tun kafin wani ya gaya musu na ƙarya. Yaron da ya san sunan kakansa yake ɗauke da shi, kuma ya san wane ne kakan, ba saƙon murya da zai girgiza shi. In kun ji magana a kan suna ta tayar muku da hankali, ga liman, ga malaman zaure da suka karanta tafsiri, ga mu a makaranta. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ku lura da abin da ake saurare a gaban ƙanana da dare, domin abin da samari suka ji suka yi dariya suka manta, yaro kwana yake da shi.

Musa ya koma amsa sunansa. Har yanzu akwai yara biyu da sukan tsokane shi in sun ga ba na kusa, amma yanzu yana da amsar da zai ba su, na ji shi da kunnena yana tambayar ɗayansu ya nuna masa inda gunkin yake. Saurayin da ya kawo saƙon ya koma daji da wayarsa, kuma saƙon yana nan yana yawo. Akwai Musa a kusan kowane aji daga nan har Maraɗi da Kano. In ka kira naka gobe ka ji shiru, kada ka sa masa alamar bai zo ba ka wuce. Ɗaga kai ka duba.

Allah ya ba mu ikon faɗin abin da muka sani, ya kuma ba mu kunyar faɗin abin da ba mu bincika ba.